Kawu Sitoyan, Mai Ruwan Misfala

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar da muka kai Kawu makwancinsa a maƙabartar Ma'ala ta Makka, mun dawo muka tarar lungunmu na Misfala ya cika har bakin bazan, inda masu ruwa ke ɗiba. Ban taɓa zaton mutumin da bai mallaki komai ba sai sanda ɗaya da garwa biyu zai tara jama'a haka ba. Aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, ana shigowa ana cewa "Azzamallahu ajrakum," muna amsawa. Amma kusan duk wanda ya zauna, da ya shafa addu'a sai ya karkato ya yi mini tambaya iri ɗaya.

Mai gidan burodin unguwarmu, wani Balarabe ɗan Yaman, ya riƙe hannuna yana hawaye.

"Istoyan mat? Ya rasu? La haula wa la ƙuwwata. Wata bai cika ba da ya kawo mini moya, ruwan sha." Ya share ido da gefen rawaninsa. "Ɗayyib, ya waladi, mene ne sunansa na gaskiya? Ina so in sa shi a addu'a."

Na faɗa masa. Ya maimaita sau biyu, ya girgiza kai, ya ce sam bai yi kama da shi ba.

Wani dattijo Basakkwace ya ce shi ya san asalin abin, Sitoyan kalmar Turkawa ce, ma'anarta tulu. Wani matashi ya ce a'a, sunan jirgin ruwa ne da ya taɓa nutsewa kusa da Jidda. Daga cikin gida kuma labari ya fito cewa wata mata da ta zo ta Sudan ta gaya wa masu zaman makoki sunan aljani ne da Kawu ya gamu da shi a bakin rijiya. Limamin masallacinmu ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali, ko ya halatta ya ambaci laƙabin a cikin addu'a, don in ya faɗi sunan yanka rabin jama'a ba za su san wa ake nufi ba. Na dubi Kawu Babba, yayan marigayin, wanda shi ne malamin gidanmu. Yana zaune da carbi, kansa a sunkuye.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifina, tela ne ni, ba malami ba. Amma in ban rubuta abin da na sani ba, nan da shekara goma aljanin nan shi zai cinye labarin. Abin da na sani ɗin ma, kamar yadda za ku gani, bai kai ya warware komai ba.

Kawu ya zo Makka a ƙasa daga ƙasar Kano, shi da yayansa da ƙanwarsu, suna tafe suna yada zango suna aikin gona a Chadi da Sudan har suka haye teku. Yayan ya zauna karatu da karantarwa, shi kuwa ya ɗauki sandar ruwa. Dogo ne, siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu saboda sanda. Larabcinsa har ya mutu bai miƙe ba. In ka tare shi a hanya da magana, komai girmanka, sai ya ce, "Bari in sauke tukuna." Ba ya magana da kaya a kafaɗa. Kuma duk gidan da ya kai wa ruwa, sai ya rage ɗan kaɗan a gindin garwa ya zuba wa magen lungun a cikin wani fasasshen kasko. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta haifa masa 'ya'ya huɗu, babu wanda ya kai yaye. Ban taɓa jin sun yi zancen a gabana ba.

Labarin sunan, daga bakinsa da bakin Inna na ji shi, kuma ba kullum suke faɗinsa iri ɗaya ba.

Shekaru kaɗan kafin babban yaƙin duniya, an gama aikin hajji cikin zafi mai tsanani. Akwai wani gida a unguwar Ajiyad da ake saukar da alhazan wata ƙasa da Larabawa ke kira Bushnaƙ, farare tas, masu jar dara da farin rawani. Kawu ne ke kai musu ruwa. Wata rana da hantsi ya je ya tarar gidan shiru, ayarin sun wuce Jidda don kada jirgi ya bar su. Yana shirin juyawa sai ya ji nishi a wani ɗaki na ƙasa. Ya leƙa, ya ga mutum ɗaya kwance, ya haura hamsin, leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa masu launi irin na mage. Ko an bar shi ne da niyyar wani ya dawo ɗaukarsa, ko mantuwa aka yi, Allah masani.

Kawu ya sauke garwa, ya ba shi ruwa, ya ga ba zai kwana a nan shi kaɗai ba. Ya goya shi a baya ya nufo Misfala. Suna fita ƙofar gida mutumin ya fara bubbuga masa kafaɗa yana cewa, "Sitoy! Sitoy!" Kawu ya ɗauka zafin ciwo ne, sai ya ƙara sauri.

Kwana tara mutumin ya yi a ɗakinmu na kara da gwangwani. Inna na dama masa kunu mai ruwa-ruwa, Kawu na ɗura masa da cokali. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Larabci, su kuma ba sa jin ko kalma ɗaya ta bakinsa. Abin da ya haɗa su Fatiha ce da Ƙulhuwallahu, in Kawu ya fara sai ya kama. Inna ta ce ya yi ta nuna ƙirjinsa yana faɗin wani suna mai kama da namu na Musulmi, amma ta manta ko wanne ne. Kawu ya ce bai taɓa nuna ƙirjinsa ba. A kwana na uku Kawu ya koma Ajiyad neman kayan mutumin, ya tarar an share ɗakin, an rufe gidan.

A rana ta tara, bayan azahar, mutumin ya laluba cikin ɗamararsa ya ciro wani ƙaramin gwangwanin zamzam, irin wanda ake liƙe bakinsa da dalma don tafiya mai nisa, naɗe cikin hankici mai ado da jan zare. Ya danƙa wa Kawu a hannu, ya rufe hannun da nasa biyu, ya ce, "Sitoyan." Ya sake cewa, "Sitoyan." Kawu ya gyaɗa kai, don bai ga abin da zai yi ba in ba wannan ba. Kafin la'asar mutumin ya cika.

Gyaɗa kan nan shi ne ya zame wa Kawu kaya. Yana cewa, "Na amsa wa mamaci. Ban san me na amsa ba, amma na amsa."

Da hajji ya zagayo, ya ɗauki gwangwanin ya bi gidajen alhazai farare, duk wanda ya gani da jar dara sai ya tare shi ya ce, "Sitoyan? Sitoyan?" Wasu su yi dariya, wasu su ɗauka bara yake yi. Inna ta ce akwai wanda ya ɗaure fuska ya tofar da yawu ya wuce, abin da ya daɗa rikita Kawu. Ba mai fassara, ba wanda ya tsaya. Sai yaƙi ya ɓarke, jiragen alhazai suka yi ƙaranci, mutanen Bushnaƙ kuwa suka ɗauke ƙafa. Ko bayan yaƙin ma an ce sababbin masu mulkin ƙasarsu ba sa barinsu su fito sai 'yan ƙalilan. Amma kafin nan abokan aikinsa na bazan sun riga sun liƙa masa kalmar. Hausawa su ce Sitoyan, Larabawa su ce Istoyan. Shi kuma yana amsawa.

A nan ne rigima ta shiga tsakaninsa da yayansa. Ina nan a wurin, ranar sunan ɗiyata ta fari, an zauna cin abinci. Wani baƙo ya ce, "Malam Sitoyan, miƙo mini butar nan." Kawu ya miƙa. Kawu Babba ya tsame hannunsa daga akushi.

"Ubanmu ya yanka rago ya raɗa maka suna," in ji shi. "Ka ajiye shi ka ɗauki wanda ba ka san ma'anarsa ba. In sunan gunki ne fa? In zagi ne? A garin Allah, kullum ana kiranka da shi kana cewa na'am."

"Yaya, ban ɗauki suna ba," Kawu ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Cigiya nake yi. Bakina ɗaya ne. Yanzu kuwa duk mai son ruwa a Misfala da Ajiyad yana taya ni kira. Wata rana mai shi zai ji ya waiwayo."

"In kuma babu mai shi?"

"To, sai in je in gaya wa mutumin can na yi iyakar ƙoƙarina."

Kawu Babba ya tashi ya sa takalmansa. Shekara biyu ba su ci a akushi ɗaya ba. Suna gaisawa a masallaci, shi ke nan. Mahaifiyata ce ta yi ta zirga-zirga har suka shirya, amma kalmar nan ba ta taɓa fitowa daga bakin Kawu Babba ba. In dole ta kama, sai ya ce "wannan abin da suke kiranka."

Gwangwanin yana kan wani ɗan katako a saman gadon Kawu. Duk Juma'a kafin ya tafi Harami sai ya sauko da shi ya girgiza a gefen kunnensa, ya ji ko ruwan na nan. In ya ji motsi sai ya ce, "Yana nan," ya mayar. Na taɓa tsokanarsa, na ce Kawu ga zamzam nan a Harami ba ta ƙarewa, in wannan ta ƙafe ai sai a sake cikawa. Bai yi dariya ba. Ya ce ba ita aka ba shi ba.

Shekara uku kafin rasuwarsa, cigiyar ta yi amfani. Mai gidan burodi ya leƙo ya ƙwala kira, "Ya Istoyan, moya!" Wani tsoho fari da ke wucewa cikin ayarin alhazan Turkiyya ya tsaya cak, ya juya yana neman wanda aka kira. Da ya ga baƙin mutum dogo da sandar ruwa ne ya amsa, sai ya saki baki. Ya bi Kawu har gida. Aka aika shago aka kira ni, don tsohon yana jin Larabcin littafi, ni kuma haihuwar Makka ce, zan iya fassarawa.

Muka zauna a tsakar gida da shayi, Inna na bayan labule. Tsohon ya ce shi asalinsa Bushnaƙ ne, sun yi ƙaura zuwa Turkiyya tun yana saurayi. Ya ce kalmar suna ce ta maza a harshensu, kuma ba haka ake faɗinta daidai ba. Ya faɗe ta, harafin farko da na biyu a manne, babu wasali a tsakani. Muka gwada, muka kasa.

"Tambaye shi ma'anarsa," in ji Kawu.

Tsohon ya ce daga kalmar tsayuwa aka ciro shi. Wanda ya tsaya, wanda ya zauna bai tafi ba. Ya ce a ƙauyukansu, macen da 'ya'yanta ke mutuwa tun suna jarirai, in ta sake haihuwar namiji sai a sa masa wannan suna, wai don ya tsaya.

Da na fassara, sai muka ji muryar Inna daga bayan labule, ita da ba ta magana in akwai baƙo. "Barmini ke nan," ta ce. "Irin namu." Daga nan sai muka ji ta shige ɗaki.

Kawu ya yi murmushi, ya ce ashe sunan ɗan mutumin ne, zamzam ya saya wa ɗansa. Amma tsohon ya ɗaga hannu. Ya ce kada mu yi sauri. Sunan nan yawanci na Kiristocin ƙasarsu ne, waɗanda harshensu ɗaya da Musulmi, gari ɗaya, wani lokaci katanga ɗaya. Da wuya alhaji ya raɗa wa ɗansa shi. Sai dai akwai uwayen da tsoro kan sa su kira yaro da shi a ɓoye a cikin gida, sunan yanka kuma daban. Yana yiwuwa kuma maƙwabcinsa ne Kirista, mai ciwo, ya roƙi a zo masa da ruwan, don ana yin haka. Yana yiwuwa ma mutumin da kansa ne aka kira da shi yana yaro, ya tuno a bakin mutuwa.

"To wanne ne a ciki?" Kawu ya tambaya.

"Allahu a'alam," in ji tsohon.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai Kawu ya tuna da ranar goyo, ya ce in tambaya, shin "Sitoy" gajeren sunan ne? Tsohon ya ce a'a. Wannan umarni ne. Ma'anarsa, tsaya.

Na yi jinkirin fassarawa, Kawu ya lura, ya ce in faɗa. Na faɗa.

"Cewa yake in tsaya," in ji shi. "Ni kuma ina ƙara gudu. Takardunsa suna ɗakin. Sunan garinsu, sunan mutanensa, duk suna ɗakin. Da na tsaya..."

Tsohon ya nemi in gaya masa abin da aka ce. Da ya ji, ya kama hannun Kawu ya ce wataƙila ma jinjiga ce ta dame shi, mai zazzaɓi ba ya son gudu. Kawu bai karɓi wannan ba, bai kuma ƙi ba.

Aka sauko da gwangwanin. Tsohon ya warware hankicin, ya daɗe yana duban adon, ya ce irin wannan ɗinki ya san yankin da ake yinsa, kuma yana da 'yar'uwa da ta yi aure a can, suna rubuta wa juna wasiƙa. Bai yi alkawari ba. Ya ce masu wannan suna a can sun fi a ƙirga, amma alhajin da ya tafi Makka kafin yaƙi bai dawo ba, ba za su yi yawa a yanki ɗaya ba. Kawu ya girgiza gwangwanin sau ɗaya a kunne, ya naɗe, ya miƙa masa da hannu biyu.

Na ɗauka zai huta. Bai huta ba. Sai ya zama mai yawan tambaya. Yana zaune a shagona sai ya ce, "Kai da ka yi karatu, in na Kirista ne, shekara ashirin ina amsa sunan Kirista ke nan?" Gobe kuma ya ce, "In nasa ne shi kansa, to wa na aika wa ruwan?" Wata rana ya ce ko dai shi Kawu mutumin ke kira da sunan, tunda shi ne ya zauna da shi da kowa ya tafi. Sai ya yi tsaki ya ce wannan son kai ne. Da labari ya kai wa Kawu Babba, kowa ya zaci zai zo ya ce ai na faɗa. Ya zo, ya zauna, ya sa na maimaita masa bayanin tsohon sau biyu. Ya ce ma'anar dai ba ta da aibu. Ya ce masu sunan kuma ga shi yawancinsu Kiristoci ne. Ya buɗe baki zai yanke hukunci, ya rufe, ya ce zai duba littafi. Ban san ko ya duba ba.

Ciwon ajalin Kawu bai wuce mako biyu ba, ƙirji ne. Ranar ƙarshe da safe ya ce mini, "In an zo cigiya, ka ce nan ne." Ya rasu kafin azahar, kansa a cinyar yayansa.

Inna na cikin takaba, kwana hamsin da wani abu, sai ga wani ma'aikacin ofishin muɗawwafai, masu jagorantar alhazai, da ambulan. A bayansa an rubuta da Larabci, zuwa ga Istoyan mai ruwa, Misfala, Makka. A ciki akwai takarda biyu cike da rubutun boko cikin harshen da ba mu sani ba, da hoto ɗaya. Tsohon nan bai sa ko layi ɗaya na Larabci ba. Ko shi ya aiko, ko wasu ya ba adireshin, ba mu sani ba.

A hoton akwai wani mutum mai kimanin shekara talatin, tsaye a ƙofar gidan katako, kansa ba hula, da wata tsohuwa zaune a gefensa ta ɗaure kai da gyale. Kawu Babba ya kai hoton bakin haske, ya duba wuyansu, ya duba bangon gidan, yana neman alamar da za ta nuna Musulmi ne ko Kirista. Bai samu ba. Inna ta karɓa, ta daɗe tana kallon saurayin, ta ce idanunsa irin na mutumin ne. Can kuma ta ce ko ba su ba ne, shekarun da yawa.

Na kai takardar wa wani akawu a kamfanin motocin alhazai wanda ya iya haruffan boko. Ya ce ba Turanci ba ne, ba Faransanci ba, ba Turkanci ba. Abin da ya iya kawai shi ne ya nuna mini inda sunan ya fito, wuri biyar. Ko godiya ce, ko tambaya, ko cewa suke an yi kuskuren gida, sai Allah ya kai mu hajji mai zuwa, in an dace da mai karantawa.

Na dawo na gaya musu. Kawu Babba ya naɗe takardar ya sa a cikin gafakarsa, ya ce shi zai riƙe, kuma in alhazai sun fara sauka shi zai bi gidajen Ajiyad da ita. Na ce Kawu ƙafarka na ciwo, ka bar mini. Ya ce ƙaninsa ne. Har ya kai ƙofa sai ya juyo, ya gyara murya irin yadda yake yi in zai biya wa ɗalibi karatu.

"Kai ka ji shi daga bakin mai harshen," ya ce. "Zauna ka koya mini yadda ake faɗinsa daidai. Ba zan je in tare mutane da lahani ba."

Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da Misfala, ya haɗa shi da baƙonsa a inda harshe ba zai sake raba su ba. Mu kuma da muka rage da takarda a hannu, Allah ya kawo mana mai karanta ta. Amin.